Salansar Motar Malam Abdulsalami

Motar Malam Abdulsalami ta girmi autarsa Rufaida da shekara goma sha ɗaya, kuma duk layinsu a Gusau babu wanda bai san muryarta ba. Doguwa ce, irin mai ƙofa a baya ɗin nan. Ya saye ta tun yana malamin gona a Bungudu, lokacin fentinta shuɗi ne, yanzu kuwa sai dai a ce launin tsohon bokiti. In ya tayar da ita da safe tantabarun maƙwabta watsewa suke yi, don salansarta, bututun nan da ke fitar da hayaƙi ta baya, ta daɗe da fashewa. Robobin da ke rataye da ita a ƙarƙashin mota sun yi ta tsinkewa, a saka sabo ya tsinke, a sake sakawa ya tsinke. Da abin ya ishi Malam, sai ya shimfiɗa tabarma ya shige ƙarƙashi, ya ɗaure salansar tamau da wayar ƙarfe irin ta shingen gona. Ya fito yana kakkaɓe riga yana jin daɗin kansa.

"Roba wasan yara ce," in ji shi. "Wayar ga kuwa, sai dai ni in riga ta tsinkewa."

Matarsa Hajjo kuwa, ita dai abin da ta sani game da mota shi ne a shiga da bisimilla a fita da hamdala.

To, a damanar nan Rufaida ta zo gida goyon ciki, haihuwar fari, Allah ya sauke ta lafiya ta sami ɗa namiji aka sa masa Sadiƙ. Hajjo kuwa tun ranar suna ba ta kira shi da wani abu ba sai "angona". Ran Juma'a za a cika arba'in, ran Asabar a mayar da mai jego ɗakinta a Tsafe, wajen mijinta Yazid. Yazid ya aiko cewa zai turo mota, Malam ya ce a gaya masa an gode, amma jikansa ba zai yi tafiyarsa ta farko a motar haya ba alhali kakansa na da tasa.

Uwa ba ta raka 'yarta gidan surukai, kowa ya san wannan. Ƙanwar Hajjo ce za ta yi rakiya ta kuma riƙe jariri a hanya, wato Delu ta Karakkai, wadda ta yi shekara talatin tana yi wa matan garinsu wankan jego, kuma in ta yi magana a kan mai jego ko mai gari ba ya musu. Ran Laraba Malam da Hajjo suka tafi ɗauko ta, tare da kayan gara da aka tara a can.

Suka iske Delu a shirye, da buhun shinkafa, da ƙwaryar man shanu, da daddawa, da kaji huɗu an ɗaure musu ƙafafu. Tana jin ƙarar mota ta fito tana toshe kunne.

"Malam, ai tun kuna Bungudu munka ji ku! Na ɗauka injin niƙa anka kawo muna."

"Shiga dai, baƙauya," in ji Malam, don tsakaninsa da ƙanwar matarsa wasa ne tun tana budurwa. "Ke da kinka saba da jaki, mi kinka sani ga mota?"

Aka loda kaya har bayan motar ya zauna. Kajin aka kwantar da su a ƙasa, gaban kujerar baya, kusa da ƙafafun matan. Ba su yi nisa ba hadari ya taso, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, yayyafi ya biyo. Delu ta murɗa gilashinta sama, ta miƙa hannu ta kan cinyar yayarta ta murɗa ɗayan ma.

"Sanyi shi ka kashe mutum a tsaye, Yaya. Ran Asabar ma haka za ni yi, ko kafar allura ba ni bari. Mai jego da jinjiri ba su shan iskar hanya."

Malam dai ya bar nasa gilashin a ɗan buɗe, don mai share ruwan gefensa ba ya aiki sosai, sai ya riƙa zura hannu da tsumma yana gogewa.

Kafin su fito babban titi Hajjo ta ji kanta ya fara sarawa. Ba sabon abu ba ne, kusan duk ranar da ta yi doguwar tafiya a motar nan sai ta kwanta da ciwon kai, Malam ya ce hawan jininta ne, ita ma ta yarda. Amma na yau ya fi. Idonta ya yi nauyi, zuciyarta na tashi, hirar da suke yi da Delu ta mutu ba tare da sun lura ba. Da ta waiga sai ta ga Delu, mai surutun nan da ba a iya tsayar da ita, ta jingina kai da gilashi baki a buɗe.

Da suka iso gida aka buɗe ƙofa, Delu ta fito tana tangaɗi ta durƙusa bakin kwata ta yi ta amai. Hajjo ta sunkuya za ta ɗauko kaji, sai ta tsaya. Duka huɗun sun yi laƙwas, wuya a miƙe, baki a hangame, ɗaya ma idonta ya rufe. Ta kwaso su ta ajiye a zaure inda iska ke wucewa, ta yayyafa musu ruwa. Bayan ɗan lokaci uku suka ɗago kai. Ta huɗun sai da Malam ya yi sauri ya sa mata wuƙa don kada ta tafi a banza.

"Ƙaurin man shanun nan ne," in ji Delu, tana kurkure baki. "Ko kuma wani abu munka gamu da shi wajen tsamiyar can."

"Hajjo kuma jininta ne ya hau," in ji Malam.

Hajjo ta dube shi, ta dubi kazar da ke hannunsa.

"Malam, kajin ma hawan jini gare su?"

Ya juya ya tafi da kazar. Ta wuce ɗaki ta iske Rufaida tana ba Sadiƙ nono. Ta zauna bakin gado tana kallon ɗan ƙirjin nan yana hawa yana sauka, bai fi tafin hannunta ba. Daga Gusau zuwa Tsafe kusan awa guda ne a motar Malam, ga tsayawa a shingayen jami'an tsaro. Awa guda, gilashi a rufe, yaron nan kwance a cinyar Delu, daidai saman inda kajin suka kwanta. Ita kuma tana nan gida, ba ta da hannun da za ta miƙa ta buɗe.

Bayan la'asar ta sami Malam a zaure yana sauraron rediyo. Ta zauna ɗan nesa kamar yadda ta saba.

"Malam, shekara arba'in ban taɓa sa maka baki ga zancen mota ba."

"Haka ne."

"To yau zan sa. Akwai abin da ka shigowa bayan motar ga. Ban san sunanshi ba, amma na san shi na kwantar da ni duk tafiya. Ko a kai ta a duba, ko in aika wa Yazid ya turo motar da ya ce. Angona ba ya shiga haka."

Malam ya rage muryar rediyo. Maganar Yazid ɗin ce ta soke shi, ta gani a fuskarsa.

"Ni na ɗaure salansar nan da hannuna, Hajjo. Ko girgiza ba ta yi."

"Ban ce ba ka iya ba. Cewa na yi kaza ta mutu."

Daga baya ya ce gobe da safe zai leƙa wajen Buba mai walda, don dai hankalinta ya kwanta. Ta ce tare za su tafi, har da Delu. Ya ce ai mata ba sa zuwa garejin makanikai. Ta ce yau da gobe ai ta wuce shekarun da za a yi mata kallo.

Garejin Buba rumfar kwano ce a layin masu walda, da rami a tsakiya wanda mota ke hawa kai. Buba mutum ne kakkaura mai furfura a gemu, tabarau baƙi rataye a wuyansa. Da ya ga tsofaffin mata biyu sun fito daga mota sai ya rasa inda zai sa kansa, ya goge benci da hularsa.

"Sannunku da zuwa, Inna. Baba Malam, yau da rakiya?"

"Kotu ce ta biyo ni," in ji Malam.

Hajjo ta ba shi labari tun daga Karakkai har zuwa wuƙar kaza. Buba bai yi dariya ba. Ya sa aka hau da mota kan rami, ya sauka da tocila, ya ɗan jima, sannan muryarsa ta fito daga ƙasa.

"Baba, wa ya ɗaure maka wagga waya?"

"Mi ta yi?"

"Ta yi ƙarfi, shi ne laifinta. Sauko ka gani."

Malam ya naɗe babbar riga ya sauka. Hajjo ta matso bakin ramin tana leƙe, tana jin komai. Buba ya nuna masa cewa inji ba ya zama shiru, kullum rawa yake yi, salansa kuma a jikinsa take, dole ta yi rawa tare da shi. Shi ya sa ake rataye ta da roba, don ta samu wurin lilo. Da aka ɗaure ta da waya sai gaba ke motsi baya ya ƙi, duk wahalar ta taru a mahaɗar tsakiya har ta tsage. Ya haska wurin, baƙin toka ya zagaye shi kamar gindin tukunya.

"To ai robar ce ta yi ta tsinkewa," in ji Malam.

"Akwai dalili." Buba ya fito ya buɗe gaban mota, ya sa ƙarfe ya ɗan taɓa inji, injin kuwa ya karkata kamar haƙori mai girgiɗi. "Robar da inji ka zama bisanta ta mutu tuntuni. Shi na ta tsalle shi na fizgar salansa. Ko robar jirgi ka sa sai ta tsinke. Daga nan ciwon ya faro, Baba, kai kuma ka yi maganin can baya."

Sannan ya buɗe ƙofar baya ya ɗaga shimfiɗar roba da ke ƙasa. Tsatsa ta cinye ƙarfen wurin, ga huda uku, babbar za ta ɗauki babban yatsa. Ta cikinta ana hango ramin.

"Inna, ku zo nan ku tsaya. Baba, tayar da ita, sannan ka zo ka toshe bakin salansa da wanga tsumma."

Malam ya tayar da mota, ya zagaya baya ya durƙusa ya danna tsumma. Hayaƙin da ya rasa hanyar fita ta baya sai ya yi ta tsagar nan. Hajjo da Delu suna tsaye bakin ƙofa suka ga ya ɓullo ta hudojin ƙasa, siriri, shuɗi-shuɗi, yana murɗawa sama a hankali har ya kai tsayin kujera ya bazu.

"Kashe, Baba, ya isa!" in ji Buba. Ya juyo wajen matan. "Wanga da kunka gani mai sauƙi ne, don shi na da launi da wari. Akwai wanda ka tahowa tare da shi, ba a ganinai ba a jin warinai. Barci shi ka sa mutum. Babba ya tashi da ciwon kai, ƙarami kuwa..." Bai ƙarasa ba.

Delu ta sa hannu a cikin motar, daidai inda cinyarta za ta kasance, ta riƙe shi a wurin kamar tana auna wani abu. Sannan ta koma benci ta zauna, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Malam ya miƙe da tsumma a hannu, gwiwar wandonsa duk baƙin mai. Bai dubi matarsa ba. Ya ce, "Buba, ba ni filaya." Da kansa ya koma ramin ya warware wayar, zagaye bayan zagaye, ya fito da ita ya jefa cikin tarin ƙarafa.

Aikin ya ci yinin Alhamis. Buba ya sauke salansar gaba ɗaya, ya yanke inda ya ruɓe ya jona sabon bututu, ya sa sabon gaskit mai toshe kafa a mahaɗa, ya rataye ta da robobi huɗu. Ya ɗaga inji ya canza robar da yake zaune a kai. Hudojin ƙasa ya yanko faranti ya liƙe su da walda, ya shafe gefen da kwalta. Matan sun koma gida da azahar a keke mai ƙafa uku, amma Hajjo ta sa Malam ya yi alkawarin ba za a sauke mota daga rami ba sai ta dawo ta gani. Da la'asar ta dawo ita kaɗai. Buba ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani ya shafa a kowace mahaɗa, aka tayar da mota, aka sake toshe baya.

"Duba da kyau, Inna. In akwai ko ƙaramar kafa, kumfa za ta tashi."

Ta sunkuya iyakar yadda bayanta ya yarda, ta bi hasken tocila mahaɗa bayan mahaɗa. Babu kumfa ko ɗaya. Sai a lokacin ta lura tana jin kiran sallah daga masallacin layin alhali mota na kunne.

"Amma tsohuwa tsohuwa ce," in ji Buba yana goge hannu. "Na toshe abin da na gani. Ko yaushe a bar gilashi ɗaya a buɗe, ko da yatsa biyu ne. Balle da jinjiri."

Wannan ita ce maganar da Hajjo ta kai gida tana juyawa, don ta san gyaran ƙarfe ya fi gyaran Delu sauƙi. Ran Juma'a aka yi wankan ƙarshe, aka yi wa Rufaida kitso da lalle, gida ya cika da mata. Sai da suka watse ta sami ƙanwarta tana ninke kayan jariri.

"Delu, Buba ya ce a bar gilashi."

"Na ji."

"Ba ni cikin motar gobe."

"Na sani, Yaya." Delu ta ci gaba da ninki. "Shekara talatin ina rufe ma masu jego ƙofa da taga. Ko ɗaya sanyi bai taɓa kama min ba. Yanzu mai walda za ya koya min aikina?"

"Ba aikinki ya taɓa ba. Ɗaki daban, mota daban."

Delu ta ɗaga wata 'yar hula ta saƙa ta duba ta ajiye. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, Hajjo kuma ta san in ta ƙara kalma ɗaya za ta ɓata.

Asabar ta waye da sanyin ruwan da aka yi da asuba. Aka loda gara, Buba ya riga ya gargaɗi Malam kada ya danne bayan mota, don haka buhun shinkafa aka bar shi sai wani zuwan. Rufaida ta fito tana kuka kamar yau aka fara kai ta. Delu ta naɗe Sadiƙ da hula da safa da tawul biyu har sai hancinsa kaɗai ake gani. Hajjo ta karɓe shi ta yi masa addu'a a kunne, ta ce, "Angona, ka tafi ka bar ni, ko? To a gaida mutanen Tsafe." Ta miƙa shi. Motar ta tashi a hankali, shiru, har maƙwabcinsu Dogo ya leƙo yana tambaya ko Malam ya yi sabuwa ne. Da suka sha kwana Hajjo ta ga gilasan baya duka a rufe suke.

Ta koma ciki. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta zauna da waya a cinya tana lissafa hanya a ranta: yanzu sun fita gari, yanzu suna ganin dutsen Kwatarkwashi, yanzu wataƙila an tsayar da su. Ta kira Rufaida sau biyu, layi bai shiga ba. Awa guda ta wuce, da kwata.

Da wayar ta yi ƙara sai ta yi wuf ta ɗauka.

"Inna, mun iso!" Muryar Rufaida ce, a bayanta kuwa ana guɗa, ga kuma wani ihu siriri mai ƙarfi da ya fi guɗar tashi.

"Shi ne ka kuka haka?"

"Shi ne. Tun 'Yandoto yake tsala shi, yunwa yake ji. Inna, ba ki ga abin da Inna Delu ta yi ba. Muna fita layinmu ta ce Baba ya tsaya. Ta sauke gilashin gefenta da kanta, ta juya ta ba shi baya, ta baza zane ta kare mu ni da yaro. Haka ta zauna a karkace har Tsafe, iska duk a bayanta ta ƙare."

Aka yi 'yar kokawa da wayar, sai ga muryar Delu.

"Yaya, ki gaya wa mai waldan nan naku in na kwanta ciwon baya shi za ya zo ya yi min gashi. Kuma mijinki tuƙin kunkuru shi kai, har mai keke ya wuce mu."

"Kanki fa? Shi na ciwo?"



"Garau," in ji Delu. "Bari in tafi, uwar miji na jiran ɗanta."

Hajjo ta ajiye waya, ta share ido da bakin zane. Sannan ta fita tsakar gida, ta tuttular da sauran ruwan da ke cikin babbar tukunyar wankan jego, ta kira maƙwabciyarta Luba ta katanga ta zo ta kama mata su kife ta a rana.